Rufus Ya San Hanya

Litinin, 8 ga Satumba, 6:20 na safe

Quash.

Na rubuta shi, yanzu in ya isa ya sake guduwa. Don sunan nan kaɗai na sayi littafin nan jiya a kantin magani.

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina tuƙa keken doki a Charleston, ina zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Sau huɗu a rana, kowace hanya na bi, sai na dawo ta bangon jan bulon nan da ke bayan kasuwa, in ja linzami, in nuna musu shatin yatsu uku a jikin bulo, in ce wanda ya buga bulon bangon nan bawa ne, sunansa Quash. Ni na tono sunan da kaina cikin tsofaffin takardun gado, sai da na yi hunturu biyu ina shaƙar ƙura a ɗakin karatu. Duk direbobin bargarmu ba mai faɗarsa sai ni. Su labarin fatalwa suka iya, shi ke kawo tafi.

Jiya da rana na tsaya, na nuna yatsun, na buɗe baki, wayam. Ba irin mantuwar nan ba da za ka ji sunan yana shawagi kusa da kai. Babu komai a wurin. Mutum goma sha shida sun zuba min ido. Na ce, "Ku dakata, dokina Rufus na so ku yaba gashinsa tukuna," suka yi dariya, muka wuce. Sai da yamma ina wanke tukunya sunan ya faɗo min.

Gajiya ce. Zafin bana ya isa ya rikita kowa. Ba wanda zan faɗa wa, balle Thaddeus, don shi ne mai barga, shi ke raba mana dawaki, kuma ranar da ya yi zargin kaina ba daidai yake ba, ranar zai karɓe linzami daga hannuna. Shekarata hamsin da tara. Ban iya wani aiki ba, ba na kuma son in iya.

Talata, 9 ga Satumba, 7:00 na yamma

Zagaye huɗu, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na faɗa ai, gajiya ce.

Alhamis, 11 ga Satumba, 1:15 na rana

An tsayar da aiki, zafi ya wuce ƙa'ida. Dawaki duk suna ƙarƙashin fanka ana watsa musu ruwa, ana auna zafin jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa 'yan Adam ba wanda ya tambayi lafiyarmu.

Da safe na tsaya a rumfar Pearline kamar kullum, ta juya mana injin ƙuri'a. Lambar da ƙwallo ya kawo ita ce hanyarka, ba roƙo ba musu, don kada mu cunkushe titi ɗaya.

"Anti Odessa, yau wacce kike so?"

"Kamar in na faɗa za ki ba ni. Juya kawai, 'yar nan, rana na yi."

"Ta biyu."

"Coci-coci ke nan. Ko ba komai na samu ladan Lahadi tun Alhamis."

Ta ce da baƙina, "Kun yi sa'a, wannan ko an ɗaure mata ido sai ta zaga garin nan." Na ce ai ni dama ba na kallon hanya, Rufus ke tuƙi, ni surutu aka ɗauke ni.

Wasa na yi, amma gaskiya ce. Aikinmu a tsaye ake yi, ka juya wa titi baya, ka fuskanci baƙi, linzami a hannu ɗaya, kana waiwayawa jefi-jefi. Shekara goma sha biyu muna tare da Rufus. Da zarar na karkata shi a kwanar farko ya san wace hanya ce, ya san inda ake tsayawa, ya san gidan da nake daɗewa a kansa har ya kan sauke ƙafa ɗaya ya huta. Da ban taɓa tunanin abin ba. Yau na yi ta tunaninsa, har na ji wani sanyi a raina, daga baya kuma na ji kunyar sanyin.

Asabar, 13 ga Satumba, 5:40 na yamma

Dole in rubuta wannan.

Zagaye na uku, ƙwallo ya ba ni hanya ta uku, ta yamma, wajen tsohon kurkuku. Na tuna na karkata Rufus dama. Daga nan na juya ga baƙi na soma zuba. Na ba su gidan mai jiragen ruwa, na ba su gidan da matarsa ta shafa wa rufin baranda shuɗi don korar mugayen ruhohi, na ba su igwa da tsibiri da ranar da aka fara harbi a yaƙin basasa. Bakina bai taɓa daɗi kamar yau ba. Suna ta ɗaukar hoto. Sai da na miƙa hannu na ce, "Ga teku can," na waiwaya, sai na ga garejin ajiye motoci mai hawa huɗu.

Labarin hanya ta ɗaya na ba su, ta bakin ruwa, tun daga farko, a kan hanya ta uku. Kusan minti arba'in ina nuna gidajen mutane ina laƙa musu tarihin wasu gidajen.

Abin da ya fi kaɗa min hanta shi ne ba wanda ya gane. Sun tafa. Wata ta ce ba ta taɓa samun jagora kamata ba.

Sai wani tsoho ɗan jihar Ohio mai farar hula, shi ne ƙarshen sauka. Ya matso ya ce a hankali, "Madam, na taɓa hawa kekenki da marigayiya matata. Gidan nan mai shuɗin rufi, a da a bakin ruwa yake."

Na ce, "Ai mun matsar da shi, Baba, ruwa ya dame shi."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni irin duban da ban so ba, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya," ya tafi. Ban ga inda ya nufa ba. In ofishin Thaddeus ya shiga, na shiga uku.

Lahadi, 14 ga Satumba, 2:00 na rana

A coci na rera duk waƙoƙin ba littafi, har baiti na huɗu da kowa ke laluɓe. Mai matsalar kai ba ta yin haka.

Talata, 16 ga Satumba, 6:30 na yamma

Thaddeus bai ce komai ba. Ya gaishe ni, ya miƙo min ragamar Rufus, ya yi ta faɗa da mai kawo ciyawa. Na yi ta satar kallon fuskarsa, ban karanta komai ba.

Da hutun rana na leƙa ƙanwata Vernell a kasuwa, inda take saƙa kwandunan ciyawa tana sayar wa baƙi. Na kai mata dafaffiyar gyaɗa. Muna ɓarewa ina ba ta labarin wani baƙo da ya tambaye ni ko Rufus na gaske ne.

Ta ce, "Yaya, kin ba ni wannan jiya."

"Ban zo jiya ba."

Ba ta yi musu ba. Ta miƙa ƙafa ta turo wata leda daga ƙarƙashin tebur. Ɓawon gyaɗa ne a ciki, irin ledar mai gyaɗan nan na bakin titi. Ta ci gaba da saƙarta, ba ta ɗago ba, amma na ga ta soka allurar a wurin da ba daidai ba, ta zare, ta sake.

Ta ce, "Kin san Mama ma..."

Na ce, "Ki kama bakinki, Vernell."

Na tashi na bar mata gyaɗar. Ba zan rubuta maganar Mama a littafin nan ba.

Laraba, 17 ga Satumba, 12:50 na rana

Dabara: da Pearline ta faɗi lamba, sai in rubuta a tafin hannu da biro. Sunan Quash kuma na saka a wata 'yar takarda cikin hulata. In na cire hula kamar zan share gumi sai in leƙa.

Gumi na goge lambar kafin rabin hanya. Gobe a bayan hannu zan rubuta.

Asabar, 20 ga Satumba, 7:10 na yamma

Lafiya lau kwana uku. Hanya ta biyu sau biyar, na gaji da maƙabartun coci.

Akwai abin da ban rubuta ba, yana damuna. Kwanakin baya wani tsoho ɗan Ohio mai farar hula ya tare ni bayan an sauka, ya ce gidan mai shuɗin rufi a bakin ruwa yake. Na yi masa wasa, bai yi dariya ba. Gara in ajiye shi a nan kada in manta.

Lahadi, 21 ga Satumba, 6:45 na safe

Na buɗe shafukan baya. Na rubuta maganar tsohon nan tun ranar 13, dalla-dalla, da hannuna.

Ina jin tsoro. To, na faɗa.

Laraba, 24 ga Satumba, 4:20 na yamma

Rufus ya yi fitsari a hanya. Ba wani abu ba ne, kullum ana yi. Sai ka jefa 'yar tutar nan mai gindin roba a wurin, ka ɗauki oba-oba ka faɗi sunan titi, masu motar wanki su zo su wanke. Na jefa tuta, na danna oba-oba, na ce, "Odessa ce, na sa tuta a..."

Na san titin. A nan aka haifi kakata, a ɗakin bayan wani gida da take wa wanki. Na san itacen da jijiyarsa ta ɗaga dutsen hanya. Sunan ne babu, kuma allon da ke ɗauke da shi yana can kwana, nesa da idona.

Oba-oba ya ce, "Ina jinki, Odessa, wane titi?" Muryar Thaddeus ce, yau shi ke kan waya. Duk direbobi suna ji.

Na ce, "Gaban gidan nan mai jar ƙofa."

Wani daga cikin direbobin ya ce, "Anti, jar ƙofa ai ta fi ɗari a garin nan," aka kwashe da dariya a iska. Thaddeus ya ce, "Titin Tradd ne, na gani, ku bar mana layi." Ban san yadda ya gani ba yana zaune a barga.

Da na dawo yana wanke wa wani doki ƙafa. Bai ɗago ba ya ce, "Odessa, lafiya dai ko?"

"Me ka gani?"

"Tambaya ce."

"Ka tambayi masu cewa fatalwa na leƙowa ta tagar kurkuku. Ni shekara ashirin da bakwai ban taɓa yi wa baƙo ƙarya ba."

Ya ce, "Na sani. Ke ce ma mai tare mana hanya a bangon nan kullum, motoci na ta oda."

Na yi tsaki na wuce. Sai a bas na tuna ashe na yi wa baƙi ƙarya, ta minti arba'in, ranar 13.

Alhamis, 25 ga Satumba, 6:00 na safe

Na tashi na daɗe zaune a bakin gado ina jera sunayen tituna daga kasuwa zuwa bakin ruwa. Sun cika. Na sake, sun cika.

Litinin, 29 ga Satumba, 3:30 na yamma

Vernell ce ta yi min wayo. Ta ce in raka ta ganin likita, ƙafarta na kumbura. Da muka shiga sai na ji an kira sunana. Na kalle ta, ta sunkuyar da kai kamar wadda ta saci nama a tukunya. Da ba don mutane ba da na tsinka mata mari, da girmanta da jikokinta.

Likitan mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya faɗa min kalmomi uku ya ce in riƙe. Ya ce in zana agogo, in sa hannayensa a sha ɗaya da minti goma. Na ce, "Likita, ni fa tarihin shekara ɗari uku ne a kaina, da ranar girgizar ƙasa da ranar gobara, agogo za ka sa ni zanawa?" Ya yi murmushi ya ce in dai zana.

Ba zan rubuta yadda agogon ya fito ba.

Kalmomin nan uku, ɗaya na kawo. Ya ce akwai hoton kai da za a ɗauka, akwai gwajin jini, kada mu yi gaggawar kiran abin da wani suna. Sannan ya tambayi aikina. Vernell ta buɗe baki, na take mata ƙafa, mai kumburin ma. Na ce ina ba baƙi labari ne. Ban ce ina riƙe da doki mai nauyin ƙaramar mota da rayukan mutum goma sha shida ba.

A hanya ta ce, "Yaya, ki faɗa wa Thaddeus, ko ni in faɗa."

"In kika faɗa, ba ni ba ke."

"To in kika kashe 'ya'yan mutane fa?"

"Rufus ya san hanya."

Ta yi kuka a cikin bas, mutane na kallonmu. Ni ban yi ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, 7:00 na yamma

Lafiya. Ta ɗaya, ta uku, ta uku, ta biyu. Na faɗi sunan sau huɗu, sau biyu na leƙa hula.

Juma'a, 3 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Na ce ba zan rubuta maganar Mama ba, amma yau warin lakar bakin teku ya shigo har kicin, irin wanda take buɗe taga ta shaƙa ta ce gida ke nan.

Mama ta yi shekara arba'in tana dafa shinkafa da jatan lande a gidan abinci, ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Ranar da na tarar ta zuba sukari a miyar kuɓewa, ta ce gajiya ce. Shekara shida na yi jinyarta. A ta biyar ta kan tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki, ta ce ina da kirki, 'yarta Odessa ba ta zuwa duba ta.

Shi ke nan. Na rubuta, kada kuma a sake tambayata.

Litinin, 6 ga Oktoba, 6:10 na safe

An ce makon nan teku za ta cika ta shigo gari da safe, kamar yadda take yi duk kaka. Za a rufe wasu tituna. Rufus bai san rufaffen titi ba. Tun jiya abin ke cina.

Laraba, 8 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Ina zaune a bayan barga kan buhun ciyawa. Har yanzu ban tafi tashar bas ba.

Zagayen farko ne, ƙarfe tara da rabi, hanya ta ɗaya. Keke cike. A layin gaba akwai wata mata da jaririya a ƙirji, cikin zanen goyo mai ɗigo-ɗigo. Mun yi rabi lafiya. Muna dosar bakin ruwa sai Rufus ya tsaya inda ba ya tsayawa. Na waiwaya. Ruwa ya shanye titin, an gindaya katako, ɗan sanda na nuna min in yi hagu.

Na juya na fuskanci gaba, na kama linzami da hannu biyu, na yi hagu. Na sake yin wata kwanar don in zagaye ruwan. Daga nan ban san inda nake ba.

Ba sunan titi ne ya ɓace ba wannan karon. Garin ne gaba ɗaya. Gidaje dogaye masu baranda a gefe, ƙofofin ƙarfe, itatuwa, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ban san ta ina teku take ba, ban san ta ina kasuwa take ba. A garin da aka yanke min cibiya. Na dubi bayan hannuna, an rubuta 1, ban san ɗaya na mene ne ba. Na yi shiru, kuma ni ba a san ni da shiru a kan keke ba. Na ji mai jaririyar ta ce, "Madam, lafiya?"

Oba-oba na rataye a ƙuguna. Da na danna na ce Thaddeus, na ɓata, da ya turo mutum cikin minti biyar. Na sa hannu a kai. Ban danna ba, don kowa zai ji.

Sai na sassauta linzami na ce a hankali, "Rufus, gida."

Ya tafi. Amma doki bai san titin da mota ke bi ta gefe ɗaya ba, bai san jar fitila ba, hanya mafi kusa kawai ya sani. Ya shiga wani lungu da ruwa ya kai rabin taya, keken ya karkata har wata ta yi ihu. Ya fito ya ratsa titin Meeting kai tsaye, wata babbar motar kaya ta taka burki, na ga fuskar direban, na ga bakinsa a buɗe. Tsakaninmu da ita bai kai tsawon hannuna biyu ba. Ni ina tsaye da linzami a sake.

Da muka iso bangon jan bulo sai Rufus ya tsaya da kansa, ya sauke ƙafa ɗaya, yana jira in yi magana. A nan garin ya dawo min. Ban faɗi sunan ba. Ban ma cire hula ba.

Wasu samari a baya sun tafa, wai ba su taɓa hawan da ya kai wannan daɗi ba. Mai jaririyar ba ta tafa ba. Ta sauka ta ƙanƙame 'yarta da hannu biyu, ta dube ni, ta wuce. Da ma zagina ta yi.

Na ce da Thaddeus cikina na ciwo, ya ba wani sauran zagayena.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 11:30 na safe

Na je tun kafin direbobi su iso. Yana zuba wa dawaki hatsi. Na cire katin shaidata na jagora daga wuya na ɗora a kan ganga, na ɗora oba-oba a kai.

Na ce, "Thaddeus, jiya na kusa kashe mutum goma sha shida da doki. Kaina ba daidai yake ba. Ban san sunan abin ba tukuna, amma na san shi, ya taɓa zama a gidanmu."

Ya ajiye bokiti. Ya ce, "Zauna, Odessa."

"Ba na zama."

"To tsaya. Tsohon nan ɗan Ohio ya zo wurina tun ran nan. Kafin shi ma na sani, tun watan shida, ranar da kika ɗaura wa Rufus kaya a baibai kika ce wani ne ya taɓa."

Na ce, "Ka sani ka bar ni?"

"Na ce bari in ba ki lokaci ki zo da ƙafarki. Na riƙa bin ki a taswirar waya, ina cewa ai tana tare da Rufus." Ya share fuska da hularsa. "Rufus tun watan takwas ya kamata ya tafi gona ya huta, likitan dabbobi ya sa hannu. Gwiwarsa ta baya ta gaji. Na riƙe shi ne don ba wani dokin da zan iya ba ki. Jiya ban yi barci ba. Laifin nan namu ne mu biyu, kuma nawa ya fi."

Na shiga ɗakin Rufus. Na shafa gwiwar, da zafi, ta kumbura. Wata biyu yana jan keke da ita saboda ni, ni kuwa kullum ina goge shi ban lura ba. A nan na yi kukan da ban yi a bas ba. Shi kuwa sai laluben aljihuna yake, ko da karas.

Kafin in tafi na cire takardar nan daga hulata na miƙa wa Thaddeus. Na ce, "Ban roƙe ka komai ba shekara ashirin da bakwai. Bangon nan, kada a riƙa wucewa haka kawai."

Ya karanta ya ce, "Motoci za su yi ta oda."

"Su yi."

Asabar, 11 ga Oktoba, 10:00 na safe

An tafi da Rufus gona, can tsibiri. Ban je rakiya ba. Ranar Alhamis za a ɗauki hoton kan.

Talata, 14 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Vernell ta rufe teburinta da rana, abin da ba ta yi ko ranar bikin 'yarta ba, ta ce mu je yawon buɗe ido kamar baƙi. Thaddeus da kansa ya tuƙa, shi da ya yi shekara takwas bai hau ba. Muka zauna a layin ƙarshe. Ban taɓa sanin kujerun nan na da tauri haka ba, ga shi ba a jin rabin abin da direba ke faɗa.

Pearline ta ce, "Anti Odessa, yau wacce kike so?" Na ce ta juya kawai. Ta ɗaya ta faɗo. Teku ta koma wurinta, ta bar laka a gefen titi. Thaddeus ya yi kuskuren shekarar gobara, na gyara masa daga baya da ƙarfi, baƙi suka yi dariya, ya ce, "Kun ji shugabata."

A dawowa ya ja linzami a bangon. Sabon dokin bai saba ba, ya yi ta tirjiya, wata mota ta soma oda. Thaddeus bai kula ba. Ya nuna shatin yatsun nan uku, ya ce wanda ya buga bulon bangon nan bawa ne, kuma yana da suna, wata ce ta yi hunturu biyu kafin ta samo shi. Ya faɗi sunan, bai leƙa takarda ba. Wani baƙo ya maimaita, yana rubutawa a wayarsa.

Na ji daɗi, wannan na tuna sarai.

Da muka sauka na ga idon Vernell ya yi ja. Na matsa mata sai da ta faɗa. Ta ce lokacin da Thaddeus ya faɗi sunan, na taɓa ta na ce, "Kai, Allah sarki. Wace ce ta samo shi?"

Ban tuna na tambaya ba. Ta ce ta amsa min, ta ce yayarta ce, Odessa, ni kuma na ce lallai matar ta yi ƙoƙari.

In na gama rubutun nan zan ba ta littafin ta karanta tun daga farko. Gobe za ta dawo min da shi, mun yi da ita za ta riƙa rubuta kwanan wata a saman shafi, ni in cika sauran.